Tulun Cibiyar Yarima Dalsan

A duk birnin Hanyang babu wanda ya kai Yarima Dalsan iya zaman banza, kuma ya san haka, har yana jin daɗin a faɗa. Ƙanen Sarki ne, shekararsa arba'in da huɗu, tumbinsa kan riga shi shiga ɗaki. Sana'arsa kiwon agwagi a tafkin bayan gida, da tsara waƙoƙin da ko agwagin ba sa tsayawa saurare. Ranar hadayar kakanni a fada, shi ne zai durƙusa ya kasa tashi sai an ɗago shi ta hammata. In an fita harbin baka, masu tsince kibau kan je su raɓe a jikin allon da ake auna, don sun gane nan ne kaɗai kibiyarsa ba ta zuwa.

Ba haka aka haife shi ba, ko kuma dai haka yake gaya wa kansa. Yana ɗan shekara goma sha biyu aka kai wa wani baffansu kwano. Baffan nan mutum ne mai kaifin kai da kyawun rubutu, jama'a na son sa, kuma abin da ya kashe shi ke nan. Wasu 'yan tawaye da bai taɓa ko ganinsu ba suka ce shi za su naɗa in sun ci nasara. Sai ga ɗan aiken fada da baƙin ruwan guba cikin farin kwano. Baffa ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya fuskanci fada, ya durƙusa sau huɗu yana godiya kamar yadda ake yi, sannan ya shanye. Washegari Dalsan ya zauna gaban malamansa ya manta karatunsa da gangan. Kashegari ma ya manta. Daga nan bai sake tunawa ba. Ya yi ƙiba, ya yi 'ya'ya, har ya ga jika, abin da 'yan'uwansa masu basira ba su samu ba.

Sai dai can ƙasan ransa akwai wani ɗan ɗaki da yake shiga shi kaɗai. A ɗakin nan shi ne mafi wayon gidan sarauta, mutumin da ya yi wa fada gaba ɗaya rufa-ido shekara talatin da biyu. Ya kuma tabbata mutum ɗaya ya san sirrin, wato yayansa Sarki, domin suna yara shi yake raɗa wa yayan karatu in ya kakare. Sau ɗaya tak ɗakin ya taɓa girgiza. Wata safiya da babu kowa ya ɗauki baka, ya ce yau zai yi harbi na gaskiya ya ga ainihin hannunsa. Kibiya biyar ya saki. Huɗu suka ɓace a ciyawa, ɗaya ta kashe masa agwagwa. Ya ce iska ce.

Yana bakin tafkin nan wata rana da hantsi matarsa ta same shi. Uwargida Bong mace ce siririya, mai ƙarancin magana, wadda ba ta dariya sai ta hanci. Shekara ashirin da shida suna tare, har yau bai san ko ta raina shi ne ko haka fuskarta take ba.

"Maigida, ajiye ƙwaryar tsabar nan," in ji ta. "Cibiyarka ta jawo mana magana."

A gidan sarautar ƙasar ba a yar da mabiyiyar jariri da cibiyarsa. Akan wanke ta sau ɗari, a sa cikin ƙaramin tulu na farin tangaran, a sa wannan cikin babba, a ɗaure da jar igiya. Daga nan masu duba ƙasa su zaɓi tudu mai albarka a binne ta cikin akwatin dutse. Tun daga ranar, taku ɗari ta kowace fuska ba noma, ba saran itace, ba kiwo, kuma a ɗora wa ƙauyen da ke kusa tsaron wurin. Inda cibiyar mutum ta kwanta, nan rabonsa yake tsotsa har ya mutu. Ta Dalsan tana can kudu, bisa wani ƙauye mai suna Bamgol, tafiyar kwana takwas, kuma bai taɓa taka wurin ba.

"Wani malami ya aika wa fada takarda," in ji Uwargida Bong. "Wai ya ga tudun da idonsa. Wai tudun sarki ne, ba na ƙanen sarki ba. Wai shi ya sa ɗan Sarki yake ta ciwo, cibiyarka ce ke shanye masa rabo."

Abin kunyar shi ne, kafin tsoro ya iso daɗi ya riga shi. Tudun sarki! Ashe ƙasa ma ta sani!

"Goge murmushin nan," in ji matar. "Baffanka ma yabo aka fara yi masa."

Sai a lokacin murmushin ya gushe. Umarnin fada ya zo a ranar. Babban mai duba ƙasa, wani Malam Pyo, zai je ya auna tudun ya buɗe akwatin, Yarima kuma zai bi shi ya shaida. Ba a rubuta sauran ba, amma ko agwagi sun san shi. In Pyo ya dawo ya ce ƙasar ta sarki ce kuma cibiyar na kwance a ciki shekara arba'in da huɗu, farin kwano zai zo gidan nan kafin ganye ya gama zuba.

Kwana takwas ɗin nan Dalsan ya baje duk hajarsa. Ya faɗo daga kan doki sau biyu, ɗaya da gangan. Ya karanta wa Pyo waƙar da ya yi wa wata agwagwa mai ɗingishi, baiti arba'in. Ya tambaye shi ko allurar da ke kan faifan awonsa, mai nuna kudu da arewa, tana iya nuna inda ake sayar da giya mai kyau. Pyo busasshen mutum ne mai dogon wuya, ba ya dariya ba ya fushi. Duk abin da Yarima ya faɗa sai ya ce, "Haka ne, ranka ya daɗe," ya ci gaba da kallon duwatsu.

Da suka iso Bamgol da rana tsaka, ko wanda bai san duban ƙasa ba ya ga abin. Tudun a zagaye yake kamar an kife akushi, tsaunuka biyu sun rungumo shi hagu da dama, rafi ya lanƙwaso ta gabansa ya wuce a hankali. Pyo ya hau ya dasa faifansa, ya juya nan, ya juya can, ya daɗe. Da ya sauko sai ya fuskanci Yarima.

"Ranka ya daɗe, shekara talatin ina yawon ƙasar nan, ban taɓa ganin irinsa ba."

"Kyau ko muni?" in ji Dalsan, yana wangale baki irin na wawaye.

"Gobe da safe za mu yi hadaya mu buɗe," in ji Pyo, bai yarda sun haɗa ido ba.

Aka sauke Yarima a gidan mai tsaron tudun. Mai tsaron ya daɗe da mutuwa, matarsa ce ke nan, wata tsohuwa ƙanƙanuwa mai suna Makdok. Dalsan ya lura mutanen ƙauyen na tsoronsa fiye da yadda ya kamata a ji tsoron mutum mai irin tumbinsa, amma hankalinsa na kan kwano, bai bi ta kai ba. Ya zauna a dandamalin katako na ƙofar ɗaki yana kallon tudunsa. Yau ce ranar da duniya ta yarda shi wani ne, kuma ladan da zai samu ke nan, baƙin ruwa.

Tsohuwa ta kawo shinkafa da miyar daddawar wake. Ya ce ba zai iya ci ba, ya ɗan ɗanɗana don kada ta ji kunya, sai ga shi yana suɗe kwano na uku. Mutum ne da ya ci girkin fada tun yana rarrafe, amma bai taɓa jin daddawa irin wannan ba.

"Iya, a ina kike tsima wannan abin?"

"A tulu, ranka ya daɗe."

"Na san ba a hula ba. Nuna mini tulun."

"Wurin datti ne, ranka ya daɗe, ba wurin manya ba ne."

Shekara talatin da biyu yana shiga inda manya ba sa shiga, yau ba zai fasa ba. Ya zaga bayan ɗaki inda tulunanta suke jere a rana, yana ɗaga murafe yana shinshinawa, ita tana biye da shi tana murza hannuwa. Duk baƙaƙe ne na yumɓu, sai ɗaya can ƙurya da aka shafe da laka tun daga baki har gindi. Ya ɗaga murfin, ƙamshin ya buge shi. Sai dai inda hannu ya saba gogewa lakar ta ɓare, wani fari na leƙowa. Ya kankare da farce. A kafaɗar tulun akwai 'yan kunnuwa huɗu na zura igiya. Ya san su, domin yana tsaye ranar da aka ɗaure tulun cibiyar ɗan Sarki.

Da ya waiwayo, tsohuwa na kwance goshi a ƙasa.

"Shekarar babban ruwa ce, ranka ya daɗe, bana sha tara. Kwana goma sama na zuba. Gefen tudun ya zame, akwatin ya buɗe, tulun ya gangaro har cikin gonar gero. In muka kai rahoto, kan mijina ne zai fara sauka. Sai muka taru muka mai da duwatsun, muka dasa ciyawa. Tulun kuwa, in mun fasa za a ga ɓaraguzansa, in mun binne wani zai tono. Na ce babu mai neman kayan sarki a cikin tulunan daddawa."

"Ni fa?" in ji Dalsan. "Ina nufin abin da ke ciki."

"Ƙaramin tulun ya fashe. Abin muka tsinto shi cikin laka, ya yi kamar busasshen kifi. Mijina ya binne shi da ladabi, na rantse da ladabi ya binne shi."

"A ina?"

Ta nuna da yatsa ba ta ɗago kai ba. Wata bishiyar kanya ce, 'ya'yanta sun yi ja sun yi nauyi har rassan sun sunkuya. A gindinta garken aladu yake.

Dalsan ya zauna daɓas a kan wani dutse ya fara dariya, ya yi ta yi har cikinsa ya ƙulle. Shekara goma sha tara rabonsa na tsotson kashin alade. Ya tuna kibiyoyin nan biyar, ya ƙirga shekaru, ya ga lissafin ya fita. Sannan wani abu mai daɗi ya sauko masa tun daga ƙeya har tafin ƙafa. Gobe Pyo zai buɗe akwati ya tarar da wayam. Ba cibiya, ba rabon sarki, ba kwano. Ya tsira!

"Gida goma sha bakwai ne a Bamgol," in ji tsohuwa daga ƙasa. "Kowane gida ya ɗauki dutse ranar. Ranka ya daɗe, ka ce ni kaɗai ce. Ai na tsufa."

Dariyar ta tsaya. Ya san dokar, don yana cikin abubuwan da ya yi kamar ya manta. Babu mai yarda tsohuwa ɗaya ta ɗaga murfin dutse. Za a sare na sarewa, a yi wa sauran dukan da ba a tashi, a kori matansu zuwa iyakar arewa. Kuma shi ba a neman komai a wurinsa. Ya tsaya gobe ya wangale baki ya yi shiru, shi ke nan. Duk faɗin ƙasar babu wanda ya kai shi iya wannan aikin. Gaskiya ita ce ya so ya yi hakan, ya so ƙwarai, har ya miƙe zai koma ɗaki.

Miyar ce ta ɓata masa shiri. Kwano uku ya ci, yana jin ɗuminta a cikinsa, ga mai miyar a kwance gaban takalminsa.

"Iya, tashi. A wane wata aka yi ruwan?"

"Watan shida."

Shekarar nan a watan bakwai yana wankan ruwan zafi na maɓuɓɓuga a wani gari, tafiyar kwana biyu daga nan. Fada ta san da wannan, a rubuce yake. Ya ji wani abu ya motsa a kansa, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Ya shiga yi wa tsohuwa tambayoyi. Mijinta dogo ne ko gajere? Ta wace hanya baƙo zai shigo ƙauyen? Mutum nawa ke iya ture murfin? Har rana ta yi sanyi yana zagaye kanyar nan yana gina ƙaryarsa, hawa kan hawa. Ya hango tambayoyi goma sha biyu da mai bincike zai yi masa, ya tanadi amsa goma sha biyu, kowace tana riƙe da 'yar'uwarta. Domin abin da zai faɗa ba ƙaramin abu ba ne. In aka kama shi da ƙarya, za a ce ɓoye cibiyar ya yi a wani tudun da ya fi wannan, kuma kwano zai zo da gudu. Duk da haka, tun yana ɗan sha biyu bai ji daɗin kansa irin na wannan yamma ba.

Da safe aka yi hadaya, sojoji takwas daga cikin 'yan rakiya suka ture murfin dutsen. Pyo ya leƙa, ya sake leƙawa, ya zura hannu har kafaɗa. Laka ce da tururuwa. Kafin ya gama miƙewa sojoji sun danne dattawan ƙauyen a ƙasa, mata sun fara kuka daga gindin tudun.

Dalsan ya dafe goshi.

"Kash! Wai wannan tudun ne? Shi ya sa nake ta cewa na san wurin nan! Malam Pyo, ai ni ne na kwashe ta."

Kowa ya juyo.

"Shekarar da na je wankan ruwan zafi. Na sha na yi tatul, na ce sai na ga fuskar abin da aka haife mu tare. Na zo na sa mai tsaro ya buɗe. Ya yi kuka, ya roƙe ni, na ce ko ya buɗe ko in sa a yanke masa kunne. Da na ga abin bai yi mini kyau ba sai na wurga wa aladu. Tulun kuma na ba matarsa, na ce ta tsima mini daddawa zan dawo in karɓa. Ka ga kuwa mantawa na yi."

Ya ja numfashi ya gyara tsayuwa, amsoshinsa goma sha biyu a jere a bakin harshe.

Pyo ya dube shi daga hula har takalmi, ya saki wata doguwar ajiyar zuciya. Ya yi wa sojoji hannu su saki dattawan, ya zauna kan murfin dutsen, ya jiƙa alƙalami ya fara rubutu.

"Ba za ka tambaye ni wane wata ba ne?" in ji Dalsan.

"Ba sai na tambaya ba, ranka ya daɗe."

"Ko su wa suka raka ni? Ko ta wace hanya na shigo?"

"Haka ne, ranka ya daɗe," in ji Pyo, yana ta rubutunsa.

A bayansa wani soja ya raɗa wa ɗan'uwansa, "Ai zai aikata." Ɗayan ya ce, "Ni mamakina da bai cinye ta ba." Dalsan ya ji su sarai. Ya ci nasara, mutum ko ɗaya ba zai mutu ba, amma ji ya yi kamar wanda ya yini yana girki baƙi suka ce sun ƙoshi.

Tulun ya zama shaida, dole a tafi da shi. Makdok ta wanke lakar, ta ɗaure murfin da igiyar kaba, daddawar na ciki. Da za su tashi ta zo ta kama linzamin dokinsa za ta yi masa godiya. Ya daka mata tsawa yadda kowa zai ji, ya ce shekara sha tara amma gishirin bai ji ba. Ta gane, ta saki linzamin.

A fada aka karanta rahoton Pyo gaban majalisa, tulun na ajiye a tsakiyar zaure yana tashin wari. Manyan fadawa masu farin gemu suka rufe fuska da hannun riga, kafaɗunsu na girgiza. Waɗanda suka shirya neman kansa suka rasa ta inda za su kama, don ba a zargin mutum da neman gadon sarauta bayan ya ciyar da alade rabonsa. Ɗaya ya tashi ya ce duk da haka an wulaƙanta jinin sarauta. Sarki ya yanke hukunci. A rage wa Yarima Dalsan daraja mataki ɗaya, ya zauna a gida shekara guda kada ya leƙo fada. Tudun kuma tunda babu komai cikinsa, a tuge iyakokin, mutanen Bamgol su nome abinsu.

Da majalisa ta watse Sarki ya sa a tsai da shi. Su biyu suka rage. Sarki ya rame, ciwon ɗansa ya ci masa fuska. Dalsan ya durƙusa. Yanzu ne. Yanzu yayansa zai dube shi da idon nan na yarinta ya ce, na gane aikinka.

Sarki ya fashe da dariya har da hawaye.

"Kai, ƙanena! Wata uku rabona da dariya. Aladu! Na fa gaya musu tun farko. Na ce ku bar mini wannan, ko garken agwagi ba zai iya yi wa tawaye ba. Ba su ji ba."

"Godiya nake, ranka ya daɗe."

"Haka kake tun muna yara. Ka tuna yadda nake raɗa maka karatu in malam ya juya baya? Kai kuma ko raɗar ba ka iya maimaitawa daidai."

Dalsan ya ɗago kai. Babu wasa a fuskar Sarki, babu ƙifta ido, ƙauna ce zalla irin wadda ake yi wa tsohon kare. Ya buɗe baki zai ce, Yaya, ai ni ne nake raɗa maka. Sai ya lalubi ranar a ransa, ɗakin karatun, tabarmar, bakin da ke kusa da kunne, ya kasa tantance bakin wa ne da kunnen wa.

"Na tuna, ranka ya daɗe," in ji shi.

"Ɗauki tulunka ka tafi, ya cika mini zaure da wari."

Ya iso gida da la'asar, tulun na biye a kan jaki. Bai je wurin agwagi ba. Ya zauna a dandamali ya zuba wa bango ido. Rai ya tsira, wannan kam ya tsira. Amma ɗan ɗakin nan na ƙasan zuciya ya shiga ya tarar da shi kamar akwatin Bamgol, laka da tururuwa. Wataƙila babu wani mai wayo da ya ɓuya a cikinsa tun farko. Wataƙila wawa ne kawai da ya yi sa'ar samun dalili.

Uwargida Bong ta sa an sauke tulun, ta sallami masu aiki, ta shiga madafa da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba. Can ta fito da ɗan teburin abinci ta ajiye gabansa, shinkafa da miyar daddawa. Ta zauna gefe tana gyara naɗin hannun rigarta.

"Labarinka ya riga ka isowa," in ji ta. "Har masu tallan kifi sun haddace shi."

"To, kin auri abin dariyar gari. Ba yau kika sani ba."

"Shekarar wankan ruwan zafi," in ji ta. "Ai da ni aka je."

Cokalin ya tsaya a hannunsa.

"Maruru uku ne suka fito maka a mazaunai. Kwana arba'in kana kwance rub da ciki kana kiran uwarka. Ko matashi ba ka iya zama a kai, balle sirdi. Ni nake matse su kullum da safe. Ba ka je Bamgol ba, ko ƙofar masauki ba ka je ba."

Ya dube ta. Ita miyar take kallo.

"Gida nawa ne a ƙauyen?"

"Goma sha bakwai," in ji shi.

Ta gyaɗa kai. Ta miƙa hannu ta ɗebo ɗan kifi da tsinken cin abinci ta ɗora masa bisa shinkafa, yadda ake yi wa wanda ake ji da shi. Shekara ashirin da shida ba ta taɓa yi masa haka ba.

"Na daɗe ina jira in ga ko da mutum a cikin rigar nan," in ji ta. "Ci kafin ta huce."

Ya so ya faɗi wata magana mai nauyi, irin wadda mafi wayon gidan sarauta zai faɗa a irin wannan lokaci. Ya lalubo, babu. Sai hawaye, suna gangarowa ta kumatunsa masu tsoka suna ɗiga cikin miya. Ya ce yaji ne. Ta ce ba ta sa yaji ba. Ya share hanci da hannun rigar alharini, sai kuma tsoro ya dawo masa, tsohon tsoron nan na ɗan shekara sha biyu. Ya waiga hagu da dama, ya rage murya.

"Don girman kakanninki, kada ki gaya wa kowa."

Uwargida Bong ta yi 'yar dariyarta ta hanci.

"Wa zai yarda?"